Kawu Ne Ke Fara Magana

Ranar da Kawu ya shigo da akwatin nan ina zaune bakin gado ina goge takalmin aiki. Sabo ne fil, ko ledarsa ba a cire ba. Ya tura shi ƙarƙashin gadonsa da ƙafa, ya zauna yana warware agogo kamar ba abin da ya faru. Ban tambaye shi ba, don na san amsar. Mutum ba ya sayen akwati irin wannan a Doha sai in tafiyar da zai yi ba ta dawowa ba ce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya yi mini hanya na zo Qatar. Direban bas ne a wani kamfani, yana kwasar ma'aikata daga Al Wakrah ya kai su Al Gharrafa da safe, ya dawo da su da yamma. Ni kuwa gadi nake yi a wani dogon gini a Mushairib, in tsaya a ƙofa ina yi wa mutanen da ba sa kallona murmushi. Ɗakinmu ɗaya a Al Wakrah, mu uku. Na ukunmu wani ɗan Kumasi ne mai jin Hausa, mai faɗin ƙirji da saurin dariya, shi ma mai gadi, wanda yake kiran Kawu Baba tun ranar da suka fara haɗuwa.

Abin ya samo asali ne a tsakiyar zafi. Wata rana Kawu yana tuƙi, bas cike da mutane, ya zo wani shataletale da ya shekara yana bi, sai ya rasa ta inda zai fita. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Allah ya sa ya samu ya gangara gefe ya kashe mota kafin jiri ya kwashe shi. A asibiti aka ce hawan jini ne da rashin shan ruwa. Aka ba shi magani, ya huta, likita ya ce kansa lafiya lau. Kamfani suka ajiye shi a gareji yana duba tayoyi da mai, suka ce duk ranar da ya shirya ya zo ogansu ya zauna kusa da shi su zagaya gari, in ya yi daidai a mayar masa da makullinsa. Kawu ya ƙi zuwa. Aka yi ta fama, har ogan ya gaji ya ce to, kafin ƙarshen wata, ko gwajin ko tikitin gida.

Karta kuwa da muke yi a ɗakin, ni na kawo ta saboda shi. Na ga yana wuni kwance ranar Juma'a yana kallon silin, mutumin da a gida in ya zauna gaban dara sai an yi layi ana jiran a sha kashi a hannunsa. Akwai wani makanike ɗan Filifin a garejinsu da nake zuwa wurinsa in na je gaida Kawu, shi ya koya mini wasan da suke kira foka. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye. A shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tashin farko, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Duk sanda aka buɗe kati sai a zagaya kowa ya yi magana: ko ka zuba, ko ka ce ka wuce, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka haƙura. Mu ba ruwanmu da caca, ko sisi ba ya shiga tsakaninmu. Da ƙwallon dabino muke yi, wanda muka ci muka wanke muka shanya a taga, kuma wanda nasa suka fara ƙarewa shi ne zai dafa shayi. In na Kawu ne suka ƙare, ni nake tashi in dafa, don ba a gabana ƙanin uwata zai kunna risho ba.

A ƙa'idar wasan, fara magana zagayawa take yi, yau kai gobe wani. A zaman farko da layi ya zo kan ɗan Kumasi ya fara, sai ya buɗe baki ya kasa. Ya dubi Kawu, ya dube ni, ya ce, "Wallahi ni ba na iya magana Baba na zaune bai yi ba." Ni ma da aka zo kaina sai na ji abin ya yi mini nauyi. Nan take muka yanke cewa a ɗakin nan Kawu ne ke fara magana a kowane zagaye, ɗan Kumasi ya biyo, ni ƙaraminsu in zo ƙarshe. Kawu ya gyaɗa kai, ya ga an yi abin da ya kamata. Mu ma muka ji daɗin kanmu, mun shigo da ladabi cikin wasan Turawa.

Daga nan Kawu ya shiga faɗuwa. Kowace Juma'a in mun dawo daga masallaci mun ci abinci, mu shimfiɗa tire a ƙasa, kafin la'asar ƙwallayensa sun dawo gabana. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina cika baki, ina ce wa ɗan Kumasi ai wasan nan na masu ƙwaƙwalwa ne, ya koma ludo. Kawu da farko yana dariya. Daga baya dariyar ta ɗauke. Sai ya riƙa daɗewa yana kallon katinsa, yana shafa goshi, in ya faɗi ya ajiye a hankali ya ce, "Allah mai iko." Ranar da na matsa masa kan maganar gwajin ne ya fito mini da abin da ke cikinsa.

"Kai yaro ne," ya ce. "Likita jini ya auna, bai shiga kaina ba. Ni na san abin da na rasa. Mutumin da yara biyu suke juya shi a karta kowane mako, shi za a danƙa wa rayukan mutane a titi? Kan nan ya ƙare. Gara in koma gida da ƙafata tun ban kashe 'ya'yan mutane ba."

Na ce wasa ne kawai. Ya ce shi ma shataletalen hanya ce kawai.

Akwatin ya fara cika. Yau turare daga kasuwar Al Wakrah, gobe doguwar riga ta matarsa, sai wani babban kwalin dabino mai kyau da ya ɗaure da igiya ya ce na mutanen gida ne, kada wanda ya taɓa. Duk sanda na sunkuya ɗaukar takalmina sai na yi ido biyu da akwatin, raina ya ɓaci. Ba tafiyar ce ta dame ni ba, kowa zai koma gida wata rana. Yadda zai koma ɗin ne, ya je ya zauna a ƙofar gida yana gaya wa kansa cewa ya zama kwandon shara alhali lafiyarsa ƙalau.

Wata Juma'a makaniken nan ya biyo ta wurinmu da kifi daga bakin ruwa, ya ce matarsa ba ta nan, mu soya mu ci tare. Bayan mun ci ya jingina da bango yana kallon wasanmu. Aka yi hannu ɗaya, aka yi na biyu, sai na ga ya miƙe zaune. Ya tambaye ni da Turancinmu na wurin aiki, me ya sa tsohon ne kullum yake farawa? Na yi masa bayani ina alfahari, na ce mu haka muke, babba ne gaba. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya natsu sai ya ce ai kujerar da muka ba Kawu ita ce mafi muni a wasan. Mai fara magana yana yi ne cikin duhu, bai san abin da kowa zai yi ba. Na ƙarshe kuwa ya ga na kowa kafin ya motsa: in sun nuna rauni ya danne su, in sun nuna ƙarfi ya janye. Shi ya sa ake zagayawa da ita, don kada mutum ɗaya ya yi ta shan wahala. Ya nuna ni da yatsa ya ce ko jakin garinsu aka ajiye a inda nake zaune zai ci.

Ɗan Kumasi ya faɗi ƙasa yana dariya, yana cewa, "Mai ƙwaƙwalwa! Mai ƙwaƙwalwa!" Ni ko a jikina, murna ce ta cika ni. Na juya na fassara wa Kawu komai. Na ce ka gani, ba kanka ba ne, wurin zama ne, mu ne muka ɗaure ka da girmamawa. Daga yau sai a riƙa zagayawa, ko ma ka dawo nan inda nake.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya sha mur.

"Wato kun samo wa tsoho uzuri," ya ce. "Har da ɗauko baƙo ya tayaku. In koma bayan ɗan da aka haifa a gabana in jira ya gama magana? In na ci kuma a ce kujera ce ta ci. Ina nan inda nake."

Na rantse ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. Na fita na tsaya a baranda cikin zafin nan mai kama da hucin tanda, ina magana ni kaɗai. Da na dawo na tarar da makaniken ya matsa kusa da Kawu yana nuna masa wani abu da ƙwallaye, ɗan Kumasi yana fassarawa. Cewa yake yi mai zama a gaba yana da makami ɗaya da na baya ba shi da shi. In katinka ya yi ƙarfi, musamman a kan katin ƙarshe, kada ka zuba. Ka ce ka wuce. Na bayanka zai ɗauka ba ka da komai, ya zuba, sai magana ta dawo kanka ka ƙara masa a kai, ya riga ya shiga. Amma akwai haɗari, in ji shi. Bayan katin ƙarshe babu wani kati. In ka wuce shi ma ya wuce, shi ke nan, an buɗe, ka ci ɗan abin da ke tsakiya kawai, ƙarfinka ya tafi a banza. Don haka sai ka san mutumin da ke bayanka, ka tabbata zai zuba.

Kawu ya ce wannan ai yaudara ce, shi bai iya riƙe abu ya yi kamar ba shi da shi ba. Makaniken ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya ɗauki robar kifinsa ya tafi.

Duk da haka mako na gaba Kawu ya gwada, kuma abin ya ba ni tausayi. Aka buɗe katin ƙarshe, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Na wuce," da wata irin murya kamar mai sanar da ɗaurin aure. Ko makaho ya san akwai abu. Ɗan Kumasi ya wuce, ni ma na wuce, aka buɗe, ga sarki biyu a hannunsa, na uku a tsakiya, ya kwashi ƙwallayen da ba su cika tafin hannu ba. Daga ranar kuma bai sake gwadawa ba, a ganina. Ya koma wani irin wasa mai ban haushi: ya bi ni har katin ƙarshe, ya ce ya wuce a sanyaye, in zuba, ya daɗe yana kallona, ya ajiye. Haka ya yi ta yi. Har cikin mako in mun samu sarari da yamma shi yake cewa a ɗauko tire, ya zauna ya yi ta ba ni ƙwallaye. Na ce a raina tsohon nan ya sallama, yana kashe lokaci ne kafin jirgi.

Juma'ar ƙarshe ta watan ta zo. Akwatin ya cika har an zuge shi, kwalin dabinon yana kai. Ranar Lahadi zai je ya gaya wa ogansu a yanka masa tikiti. Mun dawo daga masallaci, muka ci shinkafa kamar ana yi mana dole. Kawu da kansa ya jawo tiren.

An ɗan jima ana yi sai aka raba mini sarki da tara. Aka buɗe ukun farko a tsakiya: sarki, tara, da biyu. Wato ina da sarki biyu da tara biyu, hannu mai kyau ƙwarai. Kawu ya ce ya wuce, ɗan Kumasi ya wuce, na zuba. Kawu ya bi, ɗan Kumasi ya ajiye nasa ya koma ɗan kallo. Aka buɗe na huɗu, bakwai. Kawu ya wuce, na ƙara zubawa fiye da na farko, ya ɗan yi jim ya bi. Aka buɗe na ƙarshe, uku, katin da ba ya taimakon kowa. Kawu ya dube shi, ya sauke numfashi, ya ce, "Na wuce," da muryar nan tasa ta gajiya da na saba ji.

Sai na ji ɗan Kumasi ya taka mini ƙafa. Na dube shi, ya yi mini nuni da ido wajen akwatin, ya girgiza kai a hankali. Na gane abin da yake nufi. Wasan ƙarshe ne, ka ƙyale tsoho, ka wuce kai ma a buɗe, kada ka kwashe masa ɗan abin da ya rage. Gaskiya zuciyata ta karye. Na kalli Kawu, furfurar da ta ƙaru a gemunsa tun rashin lafiyar, hannunsa a kan gwiwa. Har na buɗe baki zan ce na wuce.

Sai haushin ya taso mini. Na tuna yadda na zo masa da gaskiya da murnata ya watsa mini ƙasa a ido. Na tuna mahaifiyata da za ta tambaye ni a waya yadda na bar ƙaninta ya dawo haka. Na ce a raina, ai shi ya zaɓi kujerar nan, shi ya ce kada a yi masa uzuri. To ba zan yi masa ba. Na janye ƙafata, na tura tulin ƙwallaye tsakiya, fiye da rabin abin da ke gabana, na ce, "Yalla, yi sauri, Kawu. In za ka ajiye ka ajiye, shayi na jira."

Bai ajiye ba. Ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ke gabansa, a hankali, har da wata ƙwallo da ta gangara gefe ya bi ta ya ɗauko ya ɗora a kai.

"Na ƙara," ya ce.

Na sha jinin jikina, amma na riga na zuba da yawa, ga hannuna da kyau, ga taurin kai. Na ce ƙila fushi ne ya sa tsoho ya watsar da komai ya huta. Na bi. Ya buɗe katinsa a kan tire: bakwai biyu. Da na tsakiya sun zama uku, sun danne nawa.

Ɗan Kumasi ya yi wani ihu da sai da maƙwabta suka buga bango. Ni kuwa baki buɗe. Kawu ya shiga jawo ƙwallayen gabansa, bai yi dariya ba, yana magana kamar mai ba da kwatancen hanya.

"Tun a kati na huɗu na samu," ya ce. "Da na ƙara a lokacin, da ka tsorata ka rage hannu. Kai in katinka ya yi kyau ba ka sake leƙa shi, in babu komai sai ka yi ta ɗaga gefensa. Yau tun da aka raba ba ka leƙa ba. Ranar da muka ci kifi haka ka yi da sarauniya biyu. Ranar Talata da yamma haka ka yi, na ajiye maka ina da abin da ya fi naka, don ka saba. Kuma tun kana yaro ba ka iya ganin an yi shiru ka ƙyale, sai ka cike wurin."

Yana faɗa yana lissafo hannuwan da ni da na ci su ma na manta, wane kati ya fito, wa ya zuba, wa ya ajiye. A tsakiyar maganar sai na ga ya dakata. Ya ƙura wa tiren ido, kamar shi ma yanzu ne yake jin abin da bakinsa ke faɗa. Ya kai hannu ya taɓa goshinsa, inda ya saba shafawa in ya faɗi, ya sauke.

Na ce, "Kawu, da na wuce fa? Saura kaɗan in wuce."

"Na gani," ya ce. "Na ga wannan sarkin tausayin yana taka maka ƙafa. Shi kaɗai nake tsoro tun da muka zauna, kada ka ji tausayina."

Hawaye suka cika mini ido, na tashi da sauri na ce bari in ɗora shayi, tunda yau ƙwallayena ne suka kusa ƙarewa. Ina tsaye gaban risho na juya musu baya ina jin ɗan Kumasi yana roƙon Baba ya koya masa, Kawu yana ce masa ya fara koyon riƙe ƙafarsa tukuna. Can sai na ji ƙarar jan abu a ƙasa. Na waiwaya, na ga Kawu ya sauko da kwalin dabinon daga kan akwati yana kwance igiyar.

Na ce, "Ba na mutanen gida ba ne?"

"Kafin in je hutu ya bushe," ya ce. "Zo ku ci, ƙwallayen nan sun yi mana kaɗan. In ka gama kuma ka duba mini dutsen guga, farar rigar aikina ta yamutse, kuma Lahadi da sassafe zan fita gwajin nan."